Hajiya ta daina fita da safe

Jiya ina alwalar la'asar sai ga Kawu Sale, ƙanen mahaifina, ya faɗo gidana fuska a murtuke.

Hajiyata, wato matata, tela ce, wuni take yi a kan keken ɗinki. Tun da al'ada ta ɗauke mata jikinta ya yi nauyi, gwiwoyi suka fara ciwo, likita ya ce ta riƙa tafiya da ƙafa. Ba ta da lokaci sai bayan asuba, shi ne take taka hanyar Dandume ta dawo.

"Kai Bala, me ka yi wa baiwar Allahn nan?" in ji Kawu. "Kwana uku ana ganinta a titi da sassafe. Yaji take yi?"

"Kawu, motsa jiki ne."

"Mace mai jikoki? In zufa take so, ba turmi a gidan ne?"

Hajiya tana ji daga ɗaki. Yau ba ta fita ba, wai kada ta jawo mini magana. Wannan ne ya ƙona mini rai. Ranar da gwiwar ta kwantar da ita, su Kawun ne za su cika mini zaure da "Allah ya sawwaƙe."

Gobe tare za mu fita, da tumbina da komai, kuma ta ƙofar Kawu za mu bi. Ku fa, a ina matanku suke takawa?