Fim ɗin kokawar Yaya

Shekarar da yayana ya ce zai yi kokawarsa ta ƙarshe a Gangara, ni ina Tanut ina ɗaukar hoton katin shaida. Aikin ba wuya: mutum ya zauna ya ɗaure fuska, ka danna sau ɗaya. Kokawa kuwa ba ta jiran kowa. Yaya ya ce yana son ƴaƴansa su ga yadda yake a fili, don gwiwarsa ta fara gardama.

Na hau mota har Damagaram neman fim na kyamara. Mai kantin ya miƙo mini gajere mai launi, wanda ya sha rana a taga.

"Malam, wannan kowa ke saye."

"Na masu zaman kujera ne. Ba ni dogo, baƙi da fari, mai jure hasken la'asar."

Sai da ya kwance kwalaye yana gunaguni kafin ya samo. Guda ɗaya ya rage, kuma na ƙi tafiya sai da shi.

Ranar kokawa an gama girbin gero, fili ya cika. Ƴan kokawarmu ba sa kamawa da wuri. Sai an yi kirari, an ɗaura layu, an zagaya, an watsa ƙasa. Mai hoton da ya biye wa wannan, fim ɗinsa zai ƙare kafin a taɓa juna. Na tsuguna na hana yatsana motsi. Wani makaɗi har ya tambaye ni ko kyamarar aro ce.

Da Yaya da abokin karawarsa, wani saurayin Belbeji, suka sarƙe na fara dannawa ina murɗawa, ban ɗaga ido ba. Ta cikin gilashin na ga saurayin ya ɗaga Yaya ya kai shi ƙasa. Zuciyata ta yi zafi, amma ban tsaya ba sai da fim ya ƙare.

Na wanke hotunan na jera wa Yaya a tabarma, daga kamu har faɗuwa. Na tura masa hoton da yake tsaye daram, ƙafafu a kafe. Ya ture shi gefe ya ɗauki na ƙarshe, inda bayansa ke ƙasa, hannunsa na riƙe da wuyan yaron.

"Wannan za ka ƙara wa girma," in ji shi. "Ƴaƴana su ga ban saki ba."