Zulkifli Rewaya da Buhun Sensa

Haihuwa

An haifi Malam Zulkifli, wanda aka fi sani da Rewaya saboda sana'arsa ta wayarin mota, a shekarar 1974 a Surko ta ƙasar Birnin Kudu. Mahaifinsa Malam Ƙasimu manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Dada. Tun yana yaro ba ya barin abu a rufe. Har rediyon mahaifinsa ya kwance don ya ga mai magana a ciki, ya sha duka, bai daddara ba.

Sana'a da Aure

Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1989 aka kai shi Birnin Kudu koyon wayarin mota. Ya auri Lailatu a 1998, ya koma Gwaram ya kama rumfa a gareji. Da motocin zamani suka shigo, masu 'yan na'urorin nan da ake kira sensa, waɗanda ke sanar da inji halin zafi da iska da mai, sai ya sayi kwamfutar gwaji a 2013. Yakan jona ta a mota, ta nuna wadda ta mutu, ya canza.

Abin da ya dame shi, kwamfuta tana faɗin wadda ta mutu amma ba ta faɗin abin da ya kashe ta. Saboda haka maimakon ya miƙa wa mai mota tsohuwar, kamar yadda al'adar gareji take, sai ya tafi da ita gida.

Ƙazafi

A 2019, ranar kasuwa, wani direban bas mai suna Umaru ya tsaya tsakiyar gareji ya ce, "Malam, ina tsohuwar sensata? Da ranta ka cire, wani za ka sayar wa." Zulkifli ya ce, "Biyo ni gida ka ga gawarta." Aka kwashe da dariya, babu wanda ya bi shi. Shugaban gareji, ba bincike ba komai, ya ƙwace rumfar. Ya koma Surko noma, ana nuna shi da baki.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Fabrairun 2024 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Surko. Bayan sadakar uku yayarsa Abu ta kwance buhun da ke ɗakinsa. Sensa ne cike, kowace an raba ta biyu da zarto: wata baƙin hayaƙi ya toshe ta, wata tsatsa, wata ɓera ya ci wayarta. To wa zai sayi abin da aka yanka biyu?

Abu ta ɗora buhun a bas har Gwaram, ta juye shi gaban shugaban garejin. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna." Ta ce, "Ba gaisuwa na zo karɓa ba. A nan kuka kira shi ɓarawo, a nan za ku janye." Har yau ba su janye ba.

Zulkifli ya bar matarsa Lailatu da 'ya'ya uku: Khuzaima, Nasiha, da Fa'izu, wanda ya gaji kwamfutar, aka kuma hana shi rumfa saboda sunan ubansa. Sensa suna nan zube a ƙofar gareji. Abu ta hana a share.