Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

In manoma suka miƙo mini kwalbar maganin feshi a bakin kanal ɗin ruwan noman rani na karanta musu abin da ke jikinta, akwai mai cewa, ai kai da malami ka zama. Nakan ce eh, in miƙa masa kwalbarsa. Na shiga kwalejin horon malamai, kuma ba rashin kai ya fitar da ni ba.

Babana bai so tafiyar ba tun farko. Yana da fili a Bakolori, shinkafa da damina, albasa da rani, hannu kuma bai ishe shi ba. Ranar da zan bar Garbadu ya tsayar da ni a zaure ya ce zai bar ni muddin ina cin jarabawa. Ranar da aka ce in maimaita wani darasi kuwa, in naɗe tabarmata in dawo, don shi ba zai ciyar da ƙato yana zaman aji ɗaya sau biyu ba. Babana ba ya janye magana.

A shekarar farko akwai darasin da kowa sai ya yi, na share fage kan harshe da al'ada da yadda ake koya wa yaro karatu. Malamin wani dogo ne mai sanyin murya. Ba mugu ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Yakan ce yaro ya fi saurin gane baƙaƙe in abin da aka rubuta masa a allo kunnensa ya riga ya san shi tun daga gida. Da hutu ya matso sai ya ba mu aiki: kowa ya ɗauko waƙar reno daga bakin uwarsa a kaset, ya rubuta ta, ya zo ya nuna yadda zai koya wa 'yan aji ɗaya karatu da ita. Wanda bai kawo ba ya faɗi darasin.

Sai ya ƙara sharaɗi. Ɗaliban bara sun cuce shi, sun tafi tasha sun sami wata tsohuwa mai fura ta rera musu waƙa guda su duka. Don haka bana, in uwa ta gama waƙa, sai ta faɗa da bakinta cewa ita ce uwar wane, ta kira sunan ɗalibin.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ni ɗan fari ne."

Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya murmusa ya ce, "Ai mun yi wannan, kunyar ɗan fari. Al'ada ce mai kyau, amma tana gushewa. Ka lallashe ta."

Gaskiya ne mun yi. Ya rubuta ta a allo ƙarƙashin al'adun haihuwa, mun kwafa, an goge. A allo layi ɗaya ce. A gidanmu kuwa, Inna, mahaifiyata, 'yar garin Kaya ce, jinin Fulanin da suka zauna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kakata ce ta goye ni har ta rasu. In an gama tuwo, Inna takan ce wa Gwaggo, ƙanwar babana da ke zaune tare da mu, "A ce ma wancan abinci nai na nan." In na gaishe ta, sai ta amsa wa ƙasa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa a garinmu ya san yadda abin yake.

Na ari rakoda wurin wani tela a Mafara, na sayi batir a kasuwa ranar Talata, na isa gida na zayyana wa Gwaggo abin da ake so. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Boko ta ƙare, saura waƙar goyo? Gobe cewa za su yi ka taho da zanen da anka goye ka!"

Amma ita ta shirya komai. Inna ta yarda za ta yi, muddin ba ta ganina. Ƙanwata ta zo gida da jaririnta a lokacin, to bayan la'asar aka ɗora wa Inna shi a cinya, Gwaggo ta ajiye rakoda a gefen tabarma, ni kuma na tsuguna bayan danga, kusa da turken awaki. Jaririn ya yi ta tsala kuka, sai Inna ta fara, a hankali, kamar mai magana da kanta. Tana ce masa ya kwanta ɗan maraƙinta, garke ya wuce rafi, in ya tashi nono na nan. Ta yi ta juya shi, tana ƙara wani abu kowane zagaye, har yaron ya yi shiru. Ashe Inna tana da murya. Ina da gemu a lokacin, amma ranar na fara sani.

Gwaggo ta ce, "To matarmu, saura ki hwaɗi ko ke uwar wa ce."

Inna ta ci gaba da jijjiga jaririn.

Can ta ce wa Gwaggo, "Ke ai kin san shi."

"Ni na sani, malaminsu na bai sani ba."

"To ki hwaɗa mai."

Gwaggo ta yi tsaki, ta duƙa kan rakoda ta kira sunana da na babana da ƙarfi, har awaki suka firgita. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Da muka koma, malam ya sa kaset ɗina a gaban aji. Ya rufe ido yana saurare, da waƙar ta ƙare ya ce bai ji mai daɗinta ba a bana. Sai muryar Gwaggo ta faso. Ya buɗe ido ya ce wadda ta yi waƙa daban, wadda ta kira suna daban. Na ce haka ne, na faɗi dalili. Ya ce ya fahimta ƙwarai, amma in ya karɓi nawa sai ya karɓi na kowa. Ya ba ni zuwa ƙarshen mako in koma in gyaro.

Wani ɗan Bakura da ke zama kusa da ni, matar kawunsa ce ta yi masa nasa, waƙa da suna duka, ya kuma wuce lafiya. Yanzu shugaban makarantar firamare ne, yana wuce ni a kan babur yana ɗaga mini hannu. Ni ma da na koma gida Gwaggo ta ce bari ta yi mini hakan, amma malam ya riga ya san muryoyin biyu.

Gwaggo ta fara zuwa wurin babana, ta ce ya sa baki. Ya ce ba zai sa matarsa abin da uwarsa ba ta yi masa ba. Ni na san albasa ma tana cikin lissafinsa. Sai ta koma wurin Inna, ina jin ta daga tsakar gida.

"Suna ɗaya ne hwa, ba naman kare anka ce ki ci ba. In ba ki hwaɗi ba karatu ya ƙare, kin san Yaya."

Ban ji amsar Inna ba. Washegari da hantsi Gwaggo ta zo ta ce in ɗauko abina, ana kirana a ɗaki. Ban taɓa zama a ɗakin Inna ba. Na same ta a bakin gado, ta ja mayafi har goshi. Na zauna daga bakin ƙofa, na tura rakoda tsakaninmu, Gwaggo ta fita ta saki asabari. Na danna maɓallin ɗauka.

Kaset yana juyawa, ana jin ƙararsa. A waje kaji suna tsattsagar dusa. Inna ta gyara murya ta ce, "Ni ce…" ta tsaya. Ta sake, "Ni ce uwar…" Zufa ta jiƙa gefen mayafin. Na ga leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Can ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kai, kashe abin ga."

Na kashe. Ba ta taɓa ce mini kai ba sai ranar.

Ta ce, "Ka yi haƙuri."

Na ce, "Ba komi, Inna."

Wasu in na ba su labarin sai su ce jahilci ne irin na matan da. Nakan ce su rufe mini baki. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, ina zaune na gani. Wanda nake jin haushi shi ne mutumin da ya karanci abu har yana koyar da shi, aka kawo masa shi a gabansa da ransa, ya ce bai cika sharaɗi ba. Har yau ban huce ba, ba na kuma neman in huce.

Na koma na ƙarasa zangon, na rubuta sauran jarabawa na ci. A wancan darasin aka ce in maimaita. Na naɗe kayana na hau mota. Na iske babana a zaure yana ɗaura wa fartanya ƙota. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, na ce duk lafiya. Bai tambayi sakamako ba, ya ga akwati a bayana. Ya gwada ƙotar a ƙasa, ya ce gobe za a fara dashen albasa, in fito da wuri kafin masu gonakin sama da mu su tare ruwan kanal.