Ƙwayar da Yaya Ya Zuba a Masai

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da wan mijina ya shigo gidanmu ya juye maganin ƙaninsa a masai. Na yi jikoki yanzu, amma in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

A ƙarshen shekarun 1980 ne. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Maska, maigidana na noman auduga, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ya daɗe yana fama da ciwon kai da jiri, yana cewa zafin rana ne. Da ya yanke jiki ya faɗi a gona muka kai shi asibiti a Funtua. Likita ya ce hawan jini ne, har ya fara taɓa ƙoda. Ya ce a cikin ƙoda akwai 'yan mitsi-mitsin rariya masu tace jini, in jini ya yi ta dukansu da ƙarfi sai naman wurin ya riƙa ƙaruwa yana kauri har ramukan su toshe. Ya ba mu wata sabuwar ƙwaya mai tare wani sinadari kada ya shiga bangon jijiya ya ɗaure ta. Jijiya za ta saki, jini ya sauka, kuma ana sa ran ta rage wannan kaurin. Ya ja mana kunne a kan gishiri da kanwa, ya ce kada a daina shan ƙwayar ko an ji sauƙi.

Kuma wallahi an ji sauƙin. Ciwon kai ya tafi, mutum ya koma cin tuwonsa, har yana tsokanata wai miyata ta zama ruwan rijiya. Sai ƙafafunsa suka ɗan kumbura a idon sawu.

To, kun san dubiya a wurinmu, kowa likita ne. Wata tsohuwa ta danna ƙafar, ta girgiza kai, ta ce wannan wani abu ya taka. Kafin la'asar magana ta game gari, wai asiri aka binne masa a iyakar gona, ƙwayar asibiti kuma ƙara wa asirin ƙarfi take yi. Sai ga Yaya, wan mijin nawa, da gora cike da jiƙo, jajir da kanwa. Tun rasuwar mahaifinsu ko kaza ba a yankawa a gidan sai ya yarda.

Na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah a bari mu koma mu tambayi likita tukuna."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne. Ƙanina ne, nono ɗaya muka sha."

Ya ɗauki kwalbar ya zaga bayan gida, ya dawo da ita wayam. Shi kuwa mai ciwon, wanda bai taɓa haɗa ido da wansa ba, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri! Kamar ƙodata ce ke lalacewa.

Abin takaici, da aka daina ƙwayar sai kumburin ya saɓe. Yaya ya samu abin faɗa a kasuwa da ƙofar masallaci. Na hau mota na je Funtua na samo wata, na ɓoye a cikin kwanona. Na roƙi bawan Allahn nan, na yi kuka, na yi faɗa, ya ƙi sha. Ya ce in Yaya ya ji, da wane ido zai kalle shi?

Lokacin cirar auduga fuskarsa ta haye, fitsari ya ragu, ga amai. Da muka koma, likita ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce kumburin farko halin ƙwayar ne, ba wani abin tsoro ba, da mun zo da ya rage ta ko ya canza wata. Wannan na yanzu kuwa ƙoda ce. Ya tura mu Zariya, can ma suka yi iya yinsu. Bai ga damina ba.

Ina cikin ɗaki da mata a zaman makoki na jiyo muryar Yaya a zaure yana gaya wa masu ta'aziyya, "Ai tun farko ƙwayar nan ce ta cinye shi." Na yunƙura zan fita, yayata ta riƙe ni gam. Na san rai na Allah ne, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma har Yaya ya bar duniya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Abin da na koya shi ne girman shekaru ba ya ba mutum sanin ciwon wani, kuma kunyar babba tana da iyaka. Mijina ya ji kunyar wansa har ƙarshe, ya bar ni da ciki wata biyar.