Muryar da Askale ta Sani

Bakin sukundireba a jikin inji, ƙotar a kunnensa, idonsa a rufe. Haka Gashe Wendimu yake fara kowace safiya a garejin Abdulwasi, bayan ganuwar birnin Harar na ƙasar Habasha, kafin ya kai motarsa tasha. Yakan daɗe a sunkuye kamar mai sauraren ƙirjin jariri. Daga nan sai ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Yaya dai, likita?" in ji Abdulwasi bakanike daga ƙarƙashin wata mota. "Majinyacin zai tashi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ai lafiyar ce ciwon."

Motar Fijo 404 ce, shuɗiya, ta girmi duk 'ya'yansa. Shekara talatin da huɗu yana jigilar fasinja da ita tsakanin Harar da Dire Dawa, da injin da ta zo da shi duniya. Da can ba ta taɓa yin sauri ba. A hawan dutsen Dengego har ka iya ƙirga awakin da ke gefen titi. Amma tana da murya. In ya sa giya ta biyu sai ta yi tari sau biyu, sannan ta kama wani gurnani mai taushi, irin na tsohon limamin coci da ya san addu'arsa ba ta buƙatar gaggawa.

Akwai wadda ta haddace muryar nan. Matarsa Askale, ciwon sukari ya ɗauke mata gani shekara tara da suka wuce. Gidansu yana kan tudu, a gindin tudun akwai famfon unguwa, kuma daidai nan yake canza giya kowace la'asar. Da ta ji tarin nan biyu sai ta zuba ɗanyen gahawa a kasko. Kafin motar ta gama jan jiki ta hau, ya lulluɓe ta, ya wanke hannu, 'ya'yan gahawar sun soyu. Da kunne da hanci take suyar, ba ta taɓa ƙonawa ba. Sai ta miƙo masa kaskon ya jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarsa. Fijo sun fi arba'in a garin nan, ko sau ɗaya ba ta ɗora kasko don motar wani ba.

Sai ƙananan bas suka cika hanya. Matan da ke kai cat, ganyen da ake taunawa kamar goro, kasuwar Dire Dawa suna son isa kafin ganyen ya yi laushi, suka daina shiga motarsa. Sababbin direbobi kuma in sun zo wuce shi a Dengego sai su leƙo ta taga.

"Gashe, a aiko maka da jaki ne ya ja ka?"

"Tsoho, in ka iso gobe ka gaida mutan gida!"

Ya sha wannan shekara guda. Ranar da wata tsohuwar fasinjarsa ta sauka a tsakiyar hawa ta tare bas, bai koma gida ba sai da ya biya gareji.

"Ka ƙara wa motar nan ƙarfi," ya ce.

Abdulwasi ya dube shi. "Kai, ɗan'uwa, sai na aske kan injin, na faɗaɗa ramukan fistin. Ƙarfe kuwa ba gemunka ba ne, in an aske ba ya tsirowa."

"Wa'azi na zo ji ko gyara? In wa'azi ne, cocinmu ya fi kusa."

An aske. An sa babbar kafireta da sabuwar salansa. Ranar farko motar ta haye Dengego kamar an biyo ta da bulala, har ya wuce bas biyu yana ɗaga musu hula. Da la'asar ya haye tudun gidansu a giya ta uku, bai ma lura da famfon ba. Ya shiga da fara'arsa. Ya tarar da Askale zaune, hannuwa a cinya, gawayi ko kunnawa ba a yi ba. Ta juyo wajen ƙofa.

"Wane ne?"

Shekara talatin da takwas da aurensu, ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Tun daga nan ya fara neman tsohuwar murya. Aka mayar da tsohuwar kafireta. Aka tono tsohuwar salansa daga tulin ƙarafa. Abdulwasi ya murɗa duk abin da ke murɗuwa, wata biyar suna abu ɗaya. Motar ta rage gudu, amma tarin bai dawo ba, gurnanin kuma ya zama na baƙo. Sai ga shi makon jiya Wendimu ya shigo gareji yana dariya, da ƙunshin cat mai kyau a hammata. Ya ce ya tarar da kasko a wuta, Askale ta ce ta ji shi tun daga famfo. Har rungumar Abdulwasi ya yi, rigarsa ta coci ta kwashi baƙin mai.

Yau kuwa, da ya gama sauraren injin, ya shigo ɗakin da ake ajiye kayan gyara, inda Abdulwasi da yaransa suke karyawa da wake da burodi. Ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota, bai sa hannu a kwano ba.

"Jiya ina neman rezata," ya ce, "na leƙa bayan kwandon wainar injera. Gwangwani uku, Abdulwasi. Cike da soyayyen gahawa. Na tambayi maƙwabciyarmu. Ta ce tun makon jiya duk motar da ta taso daga famfo, Askale sai ta ɗora kasko. Motar gawayi, motar asibiti, ko wace ce. In ba ni ba ne ta juye ta ɓoye, ta sake jira."

A waje wani yana buga ƙarfe, ya daina.

Abdulwasi ya goge gemu. "Akwai wani inji a Jijiga, irin naka, ba wanda ya taɓa shi. In ka ce to, jibi yana nan."

"Na wani mutum ne. Tarin wani zai yi."

"To, ka riƙa yi mata oda daga famfo mana."

"Oda kowa na da ita. Kuma in na fara, ai ta san na gane."

"Ba za ka gaya mata ba ke nan?"

Wendimu ya ɗauki hularsa ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Matar da ke shaƙar hayaƙi sau biyar a wuni don kada in ji kunyar abin da na yi? In gaya mata me?" Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Ku ci abincinku. Bari in biya kasuwa kafin tasha, ɗanyen gahawar ya kusa ƙare mata."

Ya sunkuyar da kai saboda gajeriyar ƙofar, ya fita.