Takardar da Gyamfi Bai Sa Wa Suna Ba

Shekara talatin Gyamfi ya yi yana buga takardun sanarwar mutuwa a unguwar Asafo, cikin Kumasi, kuma mutum ne mai baki. Dokarsa ba ta da yawa: salon rubutu biyu kacal, sunan mamaci ya fi na kowa girma, rana da wurin jana'iza su fito ɓaro-ɓaro yadda tsohuwa za ta karanta daga cikin motar haya. In ya ga aikin wani a cushe sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan takarda ce ko kwandon kifi?"

Sai mahaifiyarsa ta rasu. Kawunsa Amoako, shugaban dangi, ya zo da jerin sunayen masu makoki da za a buga a takardar, mutum arba'in da bakwai, kowa da muƙaminsa, har da na Landan.

"Kawu, ba za su shiga ba."

"Au, a takardar uwarka ce ba za su shiga ba? To cire ɗaya, ka je ka faɗa masa da bakinka."

Ina bakin nan? Gyamfi ya matse layuka, ya ƙanƙance haruffa, ya tura ranar jana'iza can ƙasa da wani lanƙwasasshen rubutu kamar sawun tururuwa. Yana sane sarai da abin da ya yi. Don kunya ko sunan shagonsa bai sa ba.

Aka yi jana'iza ranar Asabar, dangi na ta nuna wa juna sunayensu.

Ranar Talata sai ga Maame Serwaa a shago, sanye da baƙi da ja, kayan makoki. Shekara arba'in suna sayar da kifi rumfa ɗaya da uwarsa, kafin tsufa ya mayar da ita garinsu Mampong.

"Ɗana, na ga hotonta a tashar mota. Na matsa har hancina ya taɓa bango, ban ga ranar ba. Wane mara tausayi ne ya buga muku? Da kai ka yi, da daga tsallaken titi zan gani. Kullum uwarka cewa take, rubutun ɗana ko makaho ya karanta."

Gyamfi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai yana goge hannun da babu tawada.

Tsohuwar ta zauna, ta ajiye ƙunshin zanen da ta kawo a binne aminiyarta da shi.

"To faɗa mini, yaushe za mu kai ta?"