Baba Chaibou majemi ne, bai taɓa kaɗa ganga ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, da ƙarfe goma da minti arba'in na safe, Allah ya karɓi ran Malam Chaibou Ilya a bakin shagonsa na gyaran takalma da jakunkuna a La Guillotière, cikin Lyon. Yana ɗaga ƙofar shagon ya zauna a ƙasa, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Takardunsa sun ce shekararsa sittin da takwas, shi kuwa yakan ce ya fi haka.

Baba, ni ne Kamalu. Shekara huɗu ina karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Villeurbanne, dab da Lyon, ba Juma'ar da ban ci tuwo a ɗakinka ba. Ranar da na kare aikin bincikena na ƙarshe a gaban malamai, ka rufe shago, ka hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, ka zauna a kujerar baya. Da muka fito ka ce ba ka fahimci kome ba, amma fatar da na nuna a hoto ba a jeme ta da kyau ba. Na koma na duba. Gaskiyarka ce.

Na so in tsaya a kan irin waɗannan. Amma 'yarka Rahama ta kira ni daga Damagaram tana kuka, wai ana cewa a unguwa mahaifinta ya ƙare rayuwarsa yana kiɗa, mata na rawa a Faransa. Hujjarsu wani bidiyo ne mai daƙiƙa goma sha ɗaya. Ina wurin, don haka zan faɗi abin da na gani.

A watan Mayu wasu makaɗa baƙaƙen fata 'yan Kolombiya, daga gaɓar tekun ƙasarsu, suka zo shagonka da dogayen ganguna uku da fatunsu suka tsage. A can da fatar barewa suke rufe su. Ka jira Layya, ka samo fatun awaki, ka jiƙa, ka kankare gashin, ka rufe musu. Suka roƙe ka ka zo bikinsu na kiɗa da rawa a Saint-Denis, kusa da Paris, ranar Asabar 5 ga Yuli. Na raka ka a jirgin ƙasa. Tun daga Lyon tambayarka guda ce, ko fatar za ta riƙe.

Mu biyu ne Hausawa a filin. Suna da wani abin kiɗa na jerin itace da ake bugawa da sanduna, mata kuma suna girgiza gora mai ƙwayoyi a ciki, wata tsohuwa, Eulalia, tana ba da waƙa suna amsawa. Masu rawa sanye da fararen kaya, kowane namiji da ƙyalle a hannu. Kai ka zauna a gefe, ka karkata kunne. Can ka ce mini gangar tsakiya ta saki.

Da ƙarfe huɗu da kwata aka tsagaita, ka hau dandali don ka duba ta. Ka danna fatar da babban yatsa, ka ƙwanƙwasa sau uku, ka ja igiya. Wata mai rawa ta gifta ta bayanka. Wannan shi ne bidiyon gaba ɗaya.

Nan Christophe, mai shirya bikin, ya ɗauki makirfo ya gabatar da kai a matsayin «le grand griot du Mali», wato babban maroƙin ƙasar Mali. Mutumin da ya yi wata biyu yana shiga shagonka saboda gangunan nan, bai taɓa tambayar garinku ba. Yana buƙatar tsoho daga Afirka ne a kan dandalinsa, ya ga rawani, ya ɗauka. Ka ce da ni a hankali, "Gaya masa ni majemi ne, ɗan majemi." Na gaya masa. Ya dafa kafaɗata ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kiɗa sana'a ce ta gado, tana da masu ita, kuma kai ba ka taɓa cin gadon wani ba. Kwana biyu da rasuwarka ya sake saka bidiyon a shafinsa da kalmomin nan, ya ƙara hoton kyandir.

Shi dai jahilci ne. Na fi raina namu. Alhaji Yakubu, kai ka san sana'ar marigayi, takalmin da ka sa ka zo jana'iza shi ya ɗinke maka. Kai ne ka tura bidiyon a zauren WhatsApp na 'yan gida ranar 7 ga Yuli, ka rubuta "tsufa ya zo da rawa", mutum goma sha tara suka saka alamar dariya. Na ƙirga. Bakwai daga cikinsu suna sahun gaba ranar sallar jana'iza, suna share ido.

Baba, tsohuwa Eulalia kaɗai ta gane ka. Ta kama hannunka ta juya, ta dubi kantar tafinka, ta nuna nata. Ba ku da yare guda, kuka zauna tare har La'asar ta yi ka tashi neman wurin salla.

Rahama, ki karanta wa 'yan unguwa wannan. Ina yi miki ta'aziyya, ke da mahaifiyarki Hajiya Fadimatou da dukan dangi a Damagaram. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku haƙuri.

Akwai abin da ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Ban san wanda ya yanke bidiyon ba. Ban san ko Christophe zai amsa wasiƙu biyu da na aika masa ba. Ban san ainihin shekarunka ba. Ban kuma san ko ka ga abin da aka rubuta a zauren ba, Baba. Kana cikinsa, kuma Juma'a goma sha huɗu na ci tuwo a gabanka bayan haka, ban iya tambayarka ba.